Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙungiyoyin Teloli Na Kano: A Tsayar Mana Da Ranar Rufe Karɓar Ɗinkin Sallah

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu kuma shugabanninmu a wannan sana'a, na kasuwanni da na unguwanni, ranku ya daɗe. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da fama da jama'a, Allah Ya ƙara girma, Ya kuma nuna mana watan azumi lafiya.

Ni ƙaramin tela ne a cikin birni, ba wani sananne ba, shagon namu ma zauren gidanmu ne aka huda masa ƙofa ta bakin layi. Keke huɗu gare mu a zauren. Akwai tsohon Singer na ƙafa da marigayi Baba ya bari, wanda har gobe shi ne bai taɓa ba mu kunya ba tunda ba ruwansa da wuta, akwai Butterfly, akwai babba mai amfani da wuta da muka saya na hannu, sai na wibin, mai ɗaure bakin yadi don kada ya warware. Ni nake awo da yanka, ƙanena yake haɗawa, babban ɗana mai shekara 16 ya fara zama kan keke sosai, ƙanwarsa ita ce mai kafa maɓalli da cire zare, ga kuma yara biyu 'yan koyo da iyayensu suka kawo mini amana. Mai ɗakina tana can cikin gida da nata keken, ita ke riƙe da ɗinkin mata da na 'yan mata. Mutum 11 ne ke ci daga wannan ɗinki, har da gyatumarmu.

Na zaɓi in rubuto muku yanzu muna cikin Sha'aban ne saboda ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar an ga wata an ɗauki azumi, ni da ku babu wanda zai ƙara samun sararin sauraron wani, kowa kansa na kan keke. Kuma magana ɗaya ce ke tafe da ni, sauran duk rassanta ne: ina roƙonku ku zauna ku tsayar mana da rana guda da kowane tela a garin nan zai rufe karɓar ɗinkin Sallah, a sanar da ita tun kafin azumi, kowa ya ji. Domin tela ɗaya shi kaɗai ba ya iya cewa a'a, na gwada na gani.

Kun fi ni sanin aikin nan, amma tunda wasiƙar a buɗe take kuma masu kawo mana ɗinki za su karanta, bari in ɗan faɗi yadda kaftani ɗaya yake tafiya. Mutum ya kawo yadinsa ko shaddarsa, a auna shi, a yanka. Daga nan ba kan keke za ta hau ba, gaban rigar zai tafi wajen mai aiki, ko mai monogiram ko mai tinko, shi kuma ba ni kaɗai nake kai masa ba, teloli nawa ne suka jibge masa nasu, a goman ƙarshe sai ka ga buhu kan buhu a shagonsa har bakin ƙofa. Idan ya dawo a liƙa gam a wuya da hannu, a haɗa, a yi wibin, a huda gidan maɓalli, a ɗinka wando, a goge, in shadda ce mai ita yana son ta yi ƙyalli a kai wa mabuga. Babbar riga kuwa in aikin hannu ne ba ma a zancenta a cikin azumi, wata guda ma wani lokacin bai ishe ta ba. To ka ga duk ranar da na ce wa mutum dawo Alhamis, ba alƙawarina kaɗai na ba shi ba, na ɗora masa alƙawarin mutum uku ko huɗu ne da na wuta a kai, ɗaya ya kuskure duk sun zube, kuma ni ne mai kayan ya sani.

A zaurenmu idan komai ya tafi daidai, babu wanda ya kwanta ciwo, wuta ta ɗan zauna, muna fitar da kayan maza set 5 a rana. Ka buga da kwana 29, ka samu 145. Wannan shi ne gaskiyar ƙarfinmu, ba ƙari. Amma a azumin 2025 da na koma na ƙirga littafi bayan Sallah, 181 na karɓa. Ragowar 36 ɗin nan daga barcinmu da lafiyarmu na yi niyyar ciro su, kuma ban ma san na yi niyyar ba sai da abin ya wuce.

Ban zo in ɗora wa masu kawo ɗinki laifi ba, wallahi yawancinsu ba da gangan suke makara ba. Magidanci ya shiga azumi yana lissafin gero da sukari da ƙanƙara, sai ya ga bayan wannan tukuna ya tuna Kantin Kwari. Ma'aikaci yana jiran albashi, in Sallah ta faɗo ƙarshen wata to kuɗin da kayan duk tare suke zuwa. Wani kuma sai tsakiyar azumi wani mai hali zai raba yadi ko atamfa ya samu turmi ɗaya, marayu da yawa ma ta wannan hanyar suke samun kayan Sallah, kuma masu rabon nan Allah Ya saka musu, amma sau da yawa sai azumi ya kai 20 suke fitowa da shi. A 2023 kuma kowa ya tuna, canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace a hannun mutane tun watan Fabrairu, aka ɗauki azumi ranar 23 ga Maris mutane ba su gama farfaɗowa ba, kaya suka taru suka faɗo mana gaba ɗaya a mako biyun ƙarshe.

Sai kuma ɓangarenmu. Watan nan shi ne kakar tela, abin da aka samu a ciki shi ke biyan bashin mai zare, shi ke biyan kuɗin makaranta, shi ake lallaɓawa da shi har Babbar Sallah, don bayan ta sai a yi ta zaman jiran anko da gyaran zik. To a ce azumi ya kai 24 mutum ya shigo da leda a hannu, ba baƙo ba ne fa, wanda Baba ya yi wa ɗinki ne tun yana yaro, ko surukinka, ko liman, ko matar maƙocinka ta aiko ta cikin gida inda ba ma za ka ga kayan ba sai an riga an karɓa. Ka ce masa ka rufe, ya ce haba Malam, kala ɗaya ne fa, na yaro ne, taimaka. Ka dage, ya tsallaka layi ya kai wa na gaba, shi kuma ya karɓa ko da ya fi ka cika, shi ke nan ka rasa shi ba na Sallah kaɗai ba, har ɗinkin bikin 'yarsa da na sunan jikansa, kuma a unguwa a ce wane ya fara girman kai. Saboda haka kowa yake karɓa, yana karɓa gabansa na faɗuwa. Ni na san wannan faɗuwar gaban, ina rubuta sunan mutum a littafi zuciyata tana gaya mini ba za ka gama ba.

Bari in ba ku labarin daren da ya sa na ɗauki alƙalami. Asabar ce, 29 ga Maris 2025, azumi na 29. Zafin Kano na watan Maris kun san shi, zauren kamar tanda, inji yana ta ƙugi a bakin ƙofa tun la'asar. Duk lissafina a kan azumi 30 na yi shi, tunda na shekarar da ta gabata 30 aka yi, na ce muna da daren nan da yinin Lahadi da wani daren, saura set 17 a rataye da kuma ƙasa, za mu kai. Mun sha ruwa a tsaitsaye, kunun ma a kan teburin yanka aka ajiye shi har ya huce. Rediyo na kan kanta a buɗe. Can sai ga sanarwa daga fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, an ga wata, gobe Lahadi Sallah. Yara suka ɓarke da ihu a layi suna murna, mu kuma a zauren babu wanda ya ce uffan, ƙanena dai ya ɗago ya dube ni ya mayar da kansa kan keke.

Kafin a yi awa guda bencin ƙofar shago ya cika. Wasu suna sallama da fara'a, wasu ko sallamar babu. Waya kuwa sai da na kife ta. A cikin masu jiran akwai wata baiwar Allah ta bayan layinmu, mijinta ya rasu, ta zo da 'yarta 'yar kimanin shekara 7. Atamfar yarinyar tun azumi na 8 ta kawo, ta biya rabin kuɗin da canji-canji a ƙulle a bakin mayafi, ta yi duk abin da ake cewa mai kawo ɗinki ya yi. Amma da yake ɗinkinta ƙarami ne kuma ita ba mai hayaniya ba ce, kullum sai a ce na wance ai minti kaɗan ne, a bari sai gobe. A azumi na 25 kuma wani mai kuɗi ya aiko direbansa da kayan iyalinsa kala 6 na ujila, ya biya ninki biyu lakadan, ni na karɓa, ni na shiga cikin gida na ce wa mai ɗakina ta ajiye komai ta fara da na matansa. Matar nan ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, Malam, tun ɗazu take tambayata ko nata ya fito. Yarinyar ta zauna a ƙarshen benci tana leƙen duk ledar da aka miƙo wa wani, har barci ya kwashe ta a jikin uwar wajen ƙarfe ɗaya.

Wajen biyu na dare kuma ɗana, wanda rabonsa da barcin kirki an fi mako, ya yi gyangyaɗi a kan babban keke ƙafarsa na kan feda, allura ta shige masa yatsa ta farce ta karye a ciki. Na bar komai na goya shi a babur muna neman inda za a cire, sai da muka zaga wuri uku. Da muka dawo na tarar mai ɗakina ta zare kayan mai kuɗin daga kan kekenta da kanta ta ɗora atamfar yarinyar, idonta jajir, ta haɗa riga da siket ba ko shafi a ciki, ta kai musu har gida bayan asuba. Kabbarorin tafiya Idi a kan keke na ji su. Ban samu sallar Idi ba, ƙanena ma haka, kuma duk da haka mutum 5 ba su sa sabon kaya ba a ranar. Wani maƙocinmu tela a can gaba kuwa a ofishin 'yan sanda ya yi tasa Sallar, wani ya kai ƙararsa a kan shadda.

Iyayena, ba zan ɓoye ba, laifin daren nan nawa ne. Ba wata ne ya cuce ni ba, kowa ya san watan Musulunci 29 ne ko 30, wanda ya yi lissafi da 30 ya ci bashin ranar da ba tasa ba. Kwaɗayin kuɗin ujila da jin nauyin mutane su suka haɗu suka kai ni. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hadisin nan da muka haddace tun muna Islamiyya, cewa alamar munafuki uku ce, in ya yi zance ya yi ƙarya, in ya yi alƙawari ya saɓa, in aka ba shi amana ya ci. Ka duba mu a goman ƙarshe na Ramadan, kwanakin da mutane ke tsaye a masallaci suna tahajjud suna neman Lailatul Ƙadari, mu kuma muna cewa wallahi yana wajen mai aiki alhali ko yanka shi ba a yi ba, da azumi a bakinmu. Malamai suna gaya mana Annabi Idrisu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne farkon wanda ya yi ɗinki, sana'ar rufa asirin ɗan Adam ce, amma yau a garin nan in aka ce alƙawarin tela kowa ya san me ake nufi, har yara. Ni wannan suna yana yi mini ciwo, kuma ba na son ɗana ya gaje shi tare da keken Baba.

Kada kuma a ɗauka kuɗi muke kwasa. Kafin 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, kuma ƙaramin injinmu in zai ja keke biyu da fitilu da fanka daga magariba zuwa asuba ba ya wasa da mai. A farkon Afrilu 2024, ana saura mako guda Sallah, aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A daga naira 68 zuwa 225, su ne aka ce za su riƙa samun awa 20 a rana. Mu unguwarmu ba ma cikinsu, amma mai monogiram ɗin da ke inda wutar take, ko wanda ke kwana yana ƙona man inji, a kanmu yake fanshewa. Zare, zik, gam, shafi, allura, man keke, yawancinsu daga waje ake shigo da su, da dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024 duk suka bi ta. Baba yakan ba mu labarin lokacin da masaƙun Kaduna da na Bompai da Sharaɗa suke aiki ba dare ba rana, atamfar gida tana ko'ina, yanzu kuwa mafi yawan abin da ke zuwa teburina daga Chana yake, in ka cire shaddar Getzner da atamfar Holan ta masu hali. Mutum ya kashe kuɗinsa kaf a wajen sayen yadi, sai ya zo kan tela ya ce a yi masa ragi, kai kuma ka rage don kunya, sai ka ga dole ka cike giɓin da yawan kaya. Nan ne asalin inda karɓar abin da ya fi ƙarfi take samo tushe, riba ta yi ƙaranci a kan kowane kala, sai a nemi ta a yawa.

To ga abin da nake roƙo. Ku kira taro kafin a ga wata, ku tsayar da rana, ni a ganina 15 ga azumi ta yi, amma ku ne manya, in kun ga 12 ko 18 ta fi, duk ɗaya ne a wajena in dai guda ce kuma ta kowa ce. A kai sanarwar gidajen rediyo, Kano ba ta rasa su ba kuma mutanenmu masu sauraro ne, a roƙi limamai su faɗa a huɗubar Juma'ar ƙarshen Sha'aban da wuraren tafsiri, a buga 'yar takarda mai hatimin ƙungiya kowane shago ya manna a ƙofa. Amfanin takardar nan ba ƙarami ba ne. Ranar da surukina ya shigo da leda a azumi na 24, ba ni ne na ƙi shi ba, zan nuna masa bango in ce Baba ka gani, doka ce ta ƙungiya, in na karɓa tara za a ci ni, kuma ya san in ya tsallaka layi abin da zai tarar ke nan. Masu rabon kayan marayu da 'yan siyasa masu raba atamfa su ma a je musu takanas a gaya musu, in dai don yaran su sa ranar Idi ake yi, to a raba tun farkon wata.

Na san abin da wasu za su ce, wai ba za a bi ba, kowa cikinsa ya sani. Gaskiya ne wasu za su karya, musamman shekarar farko. Amma ai muna gani a kasuwannin garin nan ƙungiyoyi suna tsayar da lokacin buɗewa da na tashi kuma ana bi, ba don kowa na so ba sai don an san akwai mai tambaya. Ko rabinmu ne suka riƙe, masu kawo kaya za su fara lissafi da ranar. Wasu kuma za su ce an toshe wa talaka hanya, wanda bai samu kuɗi ba sai azumi na 25 ya zai yi. Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi kuma ban raina ta ba. Abin da nake gani shi ne a bar ƙofa ɗaya, bayan ranar rufewa tela zai iya karɓa amma da sharaɗin a rubuce cewa na bayan Sallah ne, ko na kwana na biyu ko na uku, tunda yawon Sallah ba rana ɗaya ba ne. Gara ka gaya wa uba gaskiya tun da wuri ya san yadda zai lallashi ɗansa ko ya nufi Kofar Wambai ko Sabon Gari ya sayi ɗinkakke, da ka riƙe masa kaya ka riƙe masa rai har daren Sallah.

Ujila kuma, ni dai na daina ta a cikin azumi, don na ga wanda take dannewa. Ba daga aljihun mai kuɗi ake biyan ta ba, daga layin marainiyar nan ake cire ta. In ba za a iya hana ta gaba ɗaya ba, to a ce duk wanda zai yi ujila sai ya gama na waɗanda suka riga kawowa, ko ya nemo hannu na daban ya biya shi.

Sai maganar rasit. Da yawanmu har yau a jikin ƙyalle muke rubuta suna da alli ko biro mu cusa a leda, wani ma a ka yake riƙewa. Ƙungiya ta buga mana ɗan littafi mai kwafi biyu, ranar kawowa, yadi nawa, irin ɗinki, kuɗi nawa, kafin alƙalami nawa aka bayar, ranar karɓa. Yana kare mai kaya, yana kare mu. Don mu ma ana cutar mu, yanzu haka akwai kaya kala 9 a durowata da aka ɗinka tun Sallar bara, an tayar mana da hankali a kansu, mun sa zarenmu da manmu mun biya mai aiki, masu su ba su dawo ba don babu ciko. In akwai takarda, rigima ma ta zo da sauƙi. Kuma ina roƙo kowace unguwa a samu dattawa uku daga cikinmu da za a riƙa kai wa ƙara kafin a kai ga 'yan sanda ko Hisbah, waɗanda suka san bambancin tela da ya makara da wanda ya sayar da shaddar mutane ko ya yanke yadi ya ɓoye. Na biyun nan kada a rufa masa, a sa shi ya biya, in ya ƙi a cire shi, don wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Yanzu yaranmu. A 2025 gwamnatocin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun ba da hutun makaranta na tsawon azumi, to a gidajen teloli ba hutu ba ne, yaran gaba ɗaya shago suka dawo. Ba na cewa kada yaro ya taya ubansa aiki, ni ma a gindin keken Baba na tashi kuma ina gode wa Allah. Amma yaro ɗan 14 ko 16 da ya wuni da azumi a wannan zafi, a ce ya kwana kan keken wuta har sahur, kwana goma a jere, wannan ba koyon sana'a ba ne. Har yau farcen ɗana bai koma daidai ba, kullum na gani sai na ji kunyar uwarsa. 'Yan koyo kuwa abin ya fi muni, don su ba su da bakin magana, wasu ana gama Sallah a sallame su da abin da bai kai kuɗin takalmi ba, wasu su da suka ɗinka wa gari kaya su fita da tsofaffi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ku sa mana ƙa'ida, yaro ya tashi daga keke ƙarfe 12, kuma kowane mai gida ya ɗinka wa yaransa nasu kayan tun goman farko, ba ranar jajibere ba.

Kada ku manta da matan da ke ɗinki a cikin gida irin mai ɗakina. Suna da yawa ƙwarai, a lunguna kusan babu layin da ba ka jin ƙarar keke ta bayan katanga, amma ba sa zuwa taro, ba a lissafa su. Ita ga girkin buɗa baki ga na sahur ga goyo ga keke, kuma ita ce ta fi kowa kasa cewa a'a, don masu kawo mata 'yan uwa ne da ƙawaye da maƙota, wasu ma sai bayan Sallah za su biya, in sun biya. Yanzu kuma ga hotunan da ake ɗaukowa a TikTok da Instagram a turo mata ta WhatsApp a ce irin wannan ake so, ɗinkin da zai ci yini biyu a kuɗin na rabin yini. Sanarwar nan in za a yi, a yi ta yadda za ta shiga cikin gidaje, a samu mata a cikin shugabanci da za su kai ta, a ba su takardar su ma su manna a ƙofar ɗaki.

Batun wuta ba zan tsawaita ba, na san ba a hannunku take ba. Amma sola ta fara shigowa shagunan masu ƙarfi kuma mun ga bambanci, musamman da kekunan nan na zamani marasa cin wuta. Irinmu ba za mu iya saye a tashi ɗaya ba. In ƙungiya ta tsaya mana, ko ta hanyar adashi mu goma-goma, ko ku je da sunanmu gaba ɗaya wajen SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ko Bankin Masana'antu ku nemo tsarin biya a hankali wanda babu ruwa a ciki, muryarku za ta fi ta mutum ɗaya mai zaure isa. Haka zare da zik da gam, in an haɗa kuɗi an saro tun Rajab kafin su tashi, kowa zai samu sauƙi.

Ni dai a nawa zauren na riga na yanke. Na sayi sabon littafi na ja layi 145, kowane layi kala ɗaya, mai ɗakina ma ta ja nata 60, layi na ƙarshe ya cika an rufe ko da azumi na 5 ne, kuma lissafin kwana 29 muka yi. Layin farko a littafinta mun bar wa yarinyar nan, mun ce wa uwarta ta kawo duk lokacin da ta samu, ba za ta biya ba. Na san zan sha surutu, na san akwai waɗanda za su ɗauke ƙafa daga shagona, kuma ina jin tsoron hakan don ina da iyali. Shi ya sa nake neman ku tsaya a bayanmu, kada ya zama ni kaɗai ne a layinmu na rufe. In kun sa ranar taron a sanar a rediyo, zan zo da littafin 2025 ɗin kowa ya duba, kuma akwai teloli huɗu a unguwarmu da muka yi maganar da su, sun ce tare za mu zo.

Allah Ya ƙara muku lafiya da haƙurin jagoranci, Ya jiƙan iyayenmu da suka koya mana riƙon almakashi.

Wassalamu alaikum.

Naku,
wani ƙaramin tela daga cikin birnin Kano.